Rigar Sanyin Mai Keke A Hunturun Yola Da Jimeta

Mutumin Yola bai saba da sanyi ba, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Garin da zafi ke haura maki 40 a watan Maris da Afrilu, har mutane su kwana a tsakar gida suna fifita, ba abin mamaki ba ne in mutanensa sun firgita da zarar iskar hunturu ta kaɗa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da Fulanin nan ke kira dabbunde, ma'aunin zafi yakan sauka zuwa 16 ko 17 da asuba. Mutumin Jos ko na Gembu dariya zai yi in ya ji mun kira wannan sanyi. Mu dai a wurinmu sanyi ne, kuma safiyar da ya fara sauka za ka ga gari ya cika da manyan jaket-jaket, kamar an kwance dilar gwanjo a kan titi.

Maganata a kan mai keke take. Sai na yi bayani tun da wuri, domin a Jimeta in ka ce keke, hankalin mutane kan Keke Napep yake tafiya. Ina nufin keken hawa mai taya biyu da feda, wanda tsofaffi ke ce wa basukur. Tun da aka hana zirga-zirgar babura a cikin gari zamanin gwamna Murtala Nyako saboda matsalar tsaro, mutane da dama suka kakkaɓe kekunansu. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin Napep ya tashi, har waɗanda ke ganin sun wuce hawa keke suka dawo kan sirdi. Ka tsaya a bakin hanya da ƙarfe shida na safe ka gani: ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, malaman firamare, birkiloli da kayan aikinsu ɗaure a baya, masu gadi da suka tashi daga aikin dare, masu kawo alayyafo da tumatir daga lambunan Geriyo. Kusan dukansu rigar sanyi iri ɗaya suka sa, kuma kusan dukansu ba ita ce ta dace da su ba.

Ni ma da kaina na faɗa wannan rami. Hunturun farko da na koma zuwa aiki a keke, na shiga wurin 'yan gwanjo a kasuwar Jimeta na ce a ba ni wadda ta fi kowace kauri. Mai kayan ya zaro mini wata baƙar jaket mai cushe da soso, mai hula da gashi-gashi a bakinta, ya ce, "Yallaɓai, wannan ko a Rasha za ta riƙe ka." Gaskiya ya faɗa, ni ne ban tambayi kaina ko Rasha za ni ba. Washegari na fito daga Yola bayan sallar asuba ina jin daɗi, ɗumi har kunne. Kafin in wuce Jami'ar Amurka da ke kan titin Lamiɗo Zubairu, bayana ya fara ɗanshi. Da na shiga Jimeta, singiletina ta jiƙe sharkaf, gumi na bin ƙashin bayana, ga shi ba inda zan sa jaket ɗin in na cire, don ko a kariya ba ta ɗauruwa sai ta yi tozo. Na isa wurin aiki na tuɓe ta, iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, nan take na fara karkarwa. Sanyin da na ji a zaune da ƙarfe takwas ya fi wanda na guda da ƙarfe shida.

Wani dattijo mai gyaran keke ne ya warware mini. Na kai masa faci, ya dubi jaket ɗin a rataye a kan keken, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan ta mai gadi ce ko ta ɗan acaɓa. Su a zaune suke, sanyi na samunsu. Kai kuwa murhu ne a jikinka, feda kake bugawa. Wa ya taɓa lulluɓe murhu da bargo?"

Na ce, "To Baba, me zan sa?"

"Abin da zai tare iska kawai. Ɗumi kai za ka kawo abinka."

Shi bai karanta kimiyyar jikin ɗan Adam ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da ke cikinta. Jikin mutum injin ne mai asara. In ka raba ƙarfin da tsokar ƙafarka ke ƙonewa gida huɗu, kusan kashi ɗaya ne kawai ke isa ga feda, sauran ukun zafi suke zama. Mutumin da ke zaune yana fitar da zafi kamar na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100. Ya hau keke ya kama tafiya ta matsakaicin sauri, zafin zai ninka sau uku ko huɗu. Jiki kuwa ba ya son ya wuce maki 37, saboda haka da zarar zafin ya rasa hanyar fita sai ya buɗe famfon gumi. Daga Yola zuwa tsakiyar Jimeta tafiyar fiye da rabin awa ce ga mai keken da ba ya gaggawa. Minti goman farko ne kaɗai jiki ke buƙatar taimako, sauran tafiyar neman hanyar zubar da zafi yake yi.

Gumin nan shi ne babban abokin gaba. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi daga jiki da kusan ninki 25. Busasshiyar riga tana riƙe 'yar iska a tsakanin zarenta, wannan iskar ce ke ɗumama mutum. Da ta jiƙe, ruwa ya kori iskar, riga ta koma tana tsotse ɗumin da ya kamata ta tsare. Ga kuma bushewar iskar hunturu, wadda ke busar da wanki kafin a gama shanya na ƙarshe. Kowa ya san yadda ruwan randa ke yin sanyi a wannan lokaci: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bushewa, yana tafiya da zafi. Mai keken da ya tsaya da jiƙaƙƙiyar singileti randa ya zama.

Abokiyar gaba ta biyu ita ce iska. Mai tafiya a ƙasa yana iya fita da asuba ya ce ai yau babu iska. Mai keke shi ke ƙera tasa. In kana gudun kilomita 15 a awa, iska mai gudun kilomita 15 ce ke dukan ƙirjinka ko da ganye ba ya motsi. In kuma ta hunturu ta taso daga arewa maso gabas kana fuskantarta, sai a haɗa maka biyun. Wanda ke tsallaka gadar Binuwai da sassafe zuwa Vinikilang ko Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ya fi kowa sanin haka. Da dare iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a kwarin kogi, a kan gadar kuma babu gini babu bishiya da za su kare ka. Za ka ga masunta a ƙasa sun hura wuta a kan yashi, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, kai kuma iska na shiga ta wuyan riga tana fita ta ƙugu. A nan ne suwaita mai saƙa take nuna gazawarta. Komai kaurinta, ramuka ne da ita, iska ratsa ta take yi kamar rariya. Sai ka ga mutum ya yi gumi a baya, ƙirjinsa kuma ƙanƙara.

To ga ma'aunin da nake amfani da shi yanzu, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. In na fito ƙofar gida da keke na ji ɗumi daidai, na san na sa kaya da yawa, sai in koma in rage. In na ji ɗan sanyi-sanyi yana taɓa ni, irin wanda ke sa mutum ya ɗaga kafaɗa amma ba ya sa haƙora kaɗawa, shi ne daidai. Kafin in kai kwanar farko ta babban titi ya tafi. Akwai wahalar sabawa, ban musa ba. Fitowa daga bargo ka shiga iska da 'yar riga shara-shara sai an daure. Amma daurewar minti biyar ce.

Rigar da ta dace ita ce siririyar jaket mai tare iska, marar soso a ciki, irin wadda 'yan wasa ke ɗorawa a kan jesi kafin su shiga fili. Yadinta nailan ne ko foliyesta mai matsattsiyar saƙa, in ka murza ta tana 'yar ƙara. Ba ta da nauyi, in ka dunƙule ta ba ta fi ƙaramin burodi ba. Abin da ya fi komai muhimmanci a jikinta zif ne, kuma ya zama daga wuya har ƙasa. Zif shi ne tagar mai keke. Ka fito ka ja shi har maƙogwaro, bayan minti goma ka sauke shi zuwa ƙirji, rana ta fito ka buɗe gaba ɗaya, duk ba ka sauka daga keke ba. Rigar da sai an cire ta ta kai ba ta ba ka wannan dama. Ko dai ka tsaya ka tuɓe, ko ka haƙura ka jiƙe, kuma mai sauri haƙura yake yi.

Akwai ma wadda ta fi wannan sauƙi, ita ce marar hannu, mai kama da falmaran. Ƙirji da ciki ne ke karɓar yawancin iska, hannuwa kuwa suna jurewa in akwai riga mai dogon hannu a ciki. Hammata a buɗe take, zafi na fita. A ganina, ga yawancin safiyoyin Yola, falmaran mai zif a kan riga mai dogon hannu ta wadatar, sai 'yan kwanakin nan na ƙarshen Disamba da Janairu da sanyi ke tsananta.

Yanzu mu shiga kasuwa. Kayan gwanjo, ko da yake a takarda suna cikin abubuwan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su, su ne suturar sanyin talaka a duk faɗin ƙasar nan. Matsalarsu ɗaya: an ɗinka yawancinsu don ƙasashen da ruwa ke daskarewa a kan titi. Mai saye kuma yana auna daraja da nauyi, yana ganin wadda ta fi cika hannu ita ta fi cancantar kuɗinsa. Shi ya sa siraran ke zama a ƙasan tari, kuma sau da yawa sun fi araha. Ka tona ka zaro su.

In ka samu wadda ta kwanta maka, kafa bakinka a jikin yadin ka hura da ƙarfi, tafin hannunka na ɗaya gefen. In iska ta wuce fuu kamar babu komai, ajiye ta, ba za ta tare maka komai a kan gada ba. In ko kaɗan ba ta wuce ba, kamar kana hura leda, ita ma akwai magana, zan zo kanta. Wadda ake nema ita ce mai barin 'yar iska kaɗan da ƙyar. Daga nan ka sa ta a jikinka, kada ka tsaya ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoto. Sunkuya ka miƙa hannuwa gaba kamar ka riƙe kan keke. Nan za ka ga gaskiyarta: hannun riga ya janye ya bar wuyan hannunka a waje? Bayanta ya ɗage ya buɗe ƙugu? Kafaɗa ta ɗaure ka? Mai keke yana buƙatar riga mai ɗan tsawo ta baya, mai roba ko maɗauri a bakin hannu. Kada kuma ta yi yawa. Burmemiyar jaket iska take sha ta kumbura kamar tantin biki, kana buga feda tana ja da kai baya. Ka ja zif sama da ƙasa sau uku da hannu ɗaya, domin da hannu ɗaya za ka riƙa jan sa a kan hanya. Ka duba hammata da bayanta, wasu suna da 'yan ramuka ko raga da aka yi don fitar gumi, in ka dace da irin wannan kada ka tsaya dogon ciniki. In ka kai gida a wanke ta a shanya a rana kafin ta taɓa fatarka.

Abin da ke ƙarƙashin jaket ɗin ma yana da nasa hukunci, kuma a nan ne al'adarmu ke cin karo da keke. Mu mutanen auduga ne, kuma a zafin Afrilu babu abin da ya kai ta. Amma auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a fata, ta daɗe ba ta bushe ba. Foliyesta kuwa ruwan da zarenta ke sha bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta ba, gumi bi ta kanta yake yi ya fita. Ba sai ka je neman wata riga ta musamman ba. Jesin ƙwallon nan da ke cike da kasuwa, na Arsenal ne ko Chelsea ko Adamawa United, foliyesta ne, kuma aikin da aka yi shi dominsa ke nan. Dattijon da ke jin nauyin a gan shi da jesi ya kwantar da hankalinsa, a ciki zai sa, ba mai gani. Aibinsa ɗaya ne, yana saurin ɗaukar wari, sai an riƙa wankewa kullum. Siririyar rigar ulu ta fi shi a wannan fanni, tana iya shan ɗanshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinta ba ka ji ta jiƙe ba, kuma ba ta saurin wari. Ana samunta jefi-jefi a gwanjo in mutum ya iya karanta 'yar takardar da ke ɗinke a cikin riga. In kuma auduga ce kaɗai gare ka, ɗauki singileti ta biyu a jaka ka canja da ka isa.

Na ce zan dawo kan rigar da ba ta barin iska ko kaɗan. Wasu suna ɗauko rigar ruwa ta damina su sa da hunturu, tunda ai tana tare iska. Tana tarewa, amma tana tare gumi ma. Tun 1823 da wani mutumin Sukotland mai suna Charles Macintosh ya fito da yadin da aka haɗa da roba don ruwan sama, wannan ce matsalar: ruwan waje ba ya shiga, na ciki ba ya fita. Sai a 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano yadda ake miƙe wani nau'in roba ya yi ƙananan ƙofofi da tururin gumi zai iya bi amma ɗigon ruwa ba zai iya ba, abin da ake sayarwa da sunan Gore-Tex. Akan ci karo da irinta a dila. In ta faɗo maka da araha, saya, za ta yi maka amfani a watan Agusta. Amma kada wani ya tsawwala maka kuɗi a kanta don hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ba ya cikin lissafin mutumin Yola.

Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya fa? Akwai dabarar da 'yan tseren keke na Turai suka daɗe suna yi. A gasar Tour de France ta ƙasar Faransa, in mahaya sun hau dutse sun yi gumi za su gangara, sukan karɓi jarida daga hannun 'yan kallo su cusa a ƙirji ƙarƙashin riga. Takarda tana tare iska, tana shan gumi, in an gama a jefar. Na gwada da tsohuwar jarida ninki biyu tsakanin singileti da kaftani, kuma ta yi aiki fiye da yadda na zata. Takardar buhun siminti mai tsabta ma za ta yi. A dai duba abin da ke rubuce a jiki, kada a ɗauki mai ayoyi ko sunan Allah.

Sau da yawa ma in mai keke ya ce yana jin sanyi, ba ƙirjinsa ba ne. Yatsu ne da kunnuwa. Hannu yana gaba, a kan ƙarfe, ba ya motsi, kuma jiki da ya ji sanyi yakan rage jinin da ke zuwa gaɓoɓin nesa. Yatsun da suka sandare ba sa kama birki da sauri, wannan kuwa ya wuce maganar jin daɗi. Siririyar safar hannu ta wadatar, ko irin ta leburori mai ɗigo-ɗigon roba a tafi, wadda ba ta santsi. Mai kauri irin ta 'yan dambe hana ka jin birki za ta yi. Kunne kuma hular sanyi siririya, wadda hular kwano za ta hau kanta ga mai ita. Hular da ke haɗe da jaket ban yarda da ita ba sam. Ka waiga, kanka ya juya ita ba ta juya ba, sai ka ga cikin hula maimakon motar da ke bayanka. Tana kuma toshe kunne, alhali mai keke a Jimeta da kunne yake sanin Napep na tafe.

Sai ƙura. Yawancin wadda ke rufe mana sama tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, iska ta kwaso ta ta ratso ta kanmu. Mai keke yana shaƙar iska ninkin ta mai zama, saboda haka rabonsa na ƙura ma ninki ne. Mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, amma hancin da ya bushe ya tsattsage ya fi saurin karɓarta, ga haɓo, ga tashin asma ga masu ita. Takunkumin da muka saba da shi tun 2020 yana taimakawa, ko ƙaramin ƙyalle da zai rufe wuya a ja shi kan hanci. Kakanninmu da suka naɗa rawani da amawali sun san abin da suke yi. Sharaɗi ɗaya ne ga mai keke: kada a bar jela tana reto. A shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da bayan hannu kafin a fita, tabarau kuma ko na banza ne yana kare ido.

Maganar jela ta kawo mu kan kayanmu na gida. Ba kowa ne zai je aiki ko kasuwa da jesi da wandon 'yan wasa ba, kuma ba dole. Mutanen Holan, waɗanda kekunansu suka fi su yawa, da kayan aikinsu suke hawa. Kaftani mai tsayin gwiwa yana tafiya da keke lafiya lau, musamman tsofaffin Raleigh da Phoenix masu murfi a kan sarƙa, waɗanda mutum ke zama a miƙe. Siririyar jaket tana hawa kan kaftani ba tare da ta murƙushe guga ba. Matsalar tana ga kekunan gwanjo masu giya da suka cika gari yanzu, sarƙarsu a buɗe, haƙoranta a waje. Ƙafar wandon dama in ba a naɗe ta ba, ko a cusa a safa, ko a ɗaure da roba, ko dai ta sha baƙin mai ko sarƙa ta cafke ta. Na ga wani bawan Allah kusa da shataletalen Mubi, jallabiyarsa ta shiga tayar baya, keken ya tsaya cak, shi bai tsaya ba. Allah ya kiyaye babu mota a bayansa, amma gwiwa da tafin hannu sun ɗanɗana kwalta. Babbar riga, da bargon da wasu ke yafawa da asuba, da dogon hijabin 'yan mata 'yan makaranta, duk hukuncinsu ɗaya: a tattare a ɗaure sama da sirdi, ko a ninke a sa a jaka sai an isa.

Launi kuma ba ado ba ne a nan. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa a Yola sai wajen shida da rabi, kuma tana faɗuwa wajen shida na yamma. Ke nan mai fita bayan asuba da mai dawowa bayan magariba duk a duhu suke tafiya. Ranar da hazo ya yi kauri har jirage kan kasa sauka a filin jirgin sama, to direban tifa mai ɗauko yashi daga bakin kogi me zai hango? Jaket ɗin gwanjo kuwa yawancinsu baƙaƙe ne ko shuɗi mai duhu ko ruwan toka, wato launin kwalta da launin hazo. Mun fi son su don ba sa nuna datti. Ni na gwammace in riƙa wanki. Ruwan ɗorawa mai haske, ruwan lemo, ko kore mai ɗaukar ido, su ake hangowa da rana da kuma cikin hazo. Da dare kuwa launi ba ya aiki, sai abin da ke mayar da hasken fitila, irin zanen azurfa da ke jikin rigar ma'aikatan hanya da jami'an kiyaye haɗurra. Rigar nan tasu marar hannu ana sayar da ita a kasuwa, ba ta da nauyi, tana hawa kan kowace irin sutura. Masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa in aka ɗaura irin wannan zane a idon sawu da gwiwa, direba ya fi saurin gane cewa mai keke ne, saboda ƙafa tana hawa tana sauka. Ke nan maɗaurin da zai kare wandonka daga sarƙa, in mai ƙyalli ne, ya yi maka aiki biyu. Fitila fara a gaba da ja a baya kuwa babu rigar da za ta maye gurbinsu.

Kada a manta da dawowa. Sanyin Yola na awa biyu ne ko uku. Ƙarfe goma ya tattara, da azahar ma'auni ya koma 33 ko 35. Duk abin da ka sa da asuba, kai za ka ɗauke shi da rana, tare da littattafai ko kayan aiki ko cefanen da aka aike ka. Siririyar jaket aljihun jaka take shiga. Jakar ma gara a ɗaure ta a kariya da robar tsohon tub, domin jakar goyo tana toshe baya, daidai inda zafi ke fita, sai ka isa da taswirar gumi a bayan riga.

Iyaye masu shirya yara makaranta, ku ma da ku nake. Na san tausayi ne ke sa uwa ta jibga wa yaro suwaita biyu da jaket da hula har ya kasa waigawa. Yaron da za a goya a bayan keke, a lulluɓe shi da kyau, shi a zaune yake kamar mai gadin da Baba ya faɗa, a kuma kula da ƙafarsa kada ta shiga taya. Wanda zai tuƙa da kansa kuwa, a ba shi mai zif, a koya masa buɗewa.

Baƙar jaket ɗina tana nan. Na ba wani maƙwabcinmu mai gadin dare, kuma ya ce bai taɓa samun irinta ba. Ni kuwa wata ruwan lemo nake sawa, wadda na tono daga ƙasan tari a kuɗin da bai kai rabin na waccan ba, hunturu uku ke nan zif ɗinta bai taɓa cijewa ba. In za ka kasuwar Jimeta, tafi da kekenka, ka gwada rigar a kan sirdi kafin ka biya.